Hukuncin fita yawon shaƙatawa zuwa duwatsu da magangarun ruwa

Tambaya: Malam, idan damina ta sauka ƙasa ta yi kore, matasa da magidanta kan haɗa kuɗin mota su tafi Gurara ko Matsirga ko tsaunin Mambila don buɗe ido. Wasu sun ce haramun ne, domin ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Mene ne hukunci, kuma ko mai irin wannan tafiya zai yi ƙasaru?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Tafiya don hutawa da kallon halitta halal ce a asalinta, domin tana cikin al'adu, su kuwa al'adu ba a hana su sai da dalili. Allah ya umarci bayinsa a Suratul Ankabut, aya ta 20, da su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ya fari halitta, a Suratul Mulk kuma, aya ta 15, ya ambaci hore mana ƙasa da ya yi don mu bi sassanta. Abu Dawud ya ruwaito cewa an tambayi Nana A'isha game da fita zuwa ƙauye, ta ce Annabi (SAW) yakan fita zuwa magudanan ruwa da ke gangarowa daga tuddai. Muslim kuma ya kawo labarin Hanzala, wanda ya ji tsoron munafunci saboda yana shagala da iyali bayan ya bar majalisin Annabi, sai aka kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Wanda ya tsaya gaban ruwan Gurara ya tuna Mahaliccinsa ya samu lada a kan hutunsa. Wanda ya je don ya huta kawai bai yi zunubi ba.

Hadisin masallatai uku ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma an ɗora shi a inda ba muhallinsa ba. Abin da yake hanawa shi ne nufar wani wuri da tafiya don neman kusanci ga Allah da wurin kansa. Da a kan kowace tafiya yake, da fatauci da neman ilimi da zumunci duk sun haramta, kuma babu malamin da ya faɗi haka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Huraira ya je dutsen Ɗuri, da ya dawo wani sahabi ya ce masa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, ya kafa masa hujja da wannan hadisi. Ɗuri dutse ne da ake ganin falalarsa, shi ya sa zuwansa ya shiga babin ibada. Babu wanda ke hawa Mambila don ya ɗauka salla a Gembu ta fi salla a Jalingo. Inda hadisin zai kama mutum shi ne idan ya hau Dala ko Kufena da niyyar neman tubarraki, ko ya kai yanka ga iskokin da ake cewa suna zaune a can. Wannan ya bar sahun masu yawon buɗe ido, abin nasa ya taɓa aƙida. Haka wuraren da aka halaka mutanensu suna da nasu hukunci, domin da Annabi ya ratsa Hijir a hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, ya hana shiga gidajen Samudawa sai da kuka da tsoron Allah.

Maganar ƙasaru ce ke buƙatar tsayawa, saboda a nan ne mazhabarmu ta Imam Malik ta yi magana mai kama da hani. Littafin Risala ya ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, wato kusan kilomita 80. Mutumin Suleja da ya nufi Gurara bai kai wannan nisa ba, sai ya cika sallarsa. Bakano da ya nufi Yankari ya wuce shi nesa. Sai dai Shehu Khalil a Mukhtasar ya fitar da mutum biyu daga sunnar ƙasaru: mai saɓo da tafiyarsa, da mai tafiyar wargi. Masu sharhi sun ba da misalin na biyun da mai farauta don nishaɗi kawai, suka ce ƙasarunsa makaruhi ne, amma idan ya yi sallarsa ta inganta. Hanafawa ba sa duba dalilin tafiya sam, Ibn Ƙudama kuma ya kawo ruwaya biyu daga Imam Ahmad a kan mai tafiyar shaƙatawa, ya rinjayar da halacci. Abin da nake gani shi ne, wargin da Khalil yake nufi shi ne wanda babu wata manufa ta hankali a bayansa. Magidancin da ya ɗauki iyalinsa don ya faranta musu, ko ma'aikacin da gajiya ta taru masa ya nemi iskar Jos, ko malamin da ya kai ɗalibai su ga abin da suka karanta, duk suna da manufa da shari'a ta yarda da ita, saboda haka su yi ƙasaru. Idan sun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, hukuncin tafiya ya yanke.

Za a ce, ai wuraren nan cike suke da kiɗa da cakuɗa da tsiraici. Gaskiya ne a wasu wurare da wasu ranaku, musamman lokutan bukukuwa. Amma haramcin na abin da ya shigo ne, kamar yadda kasuwa ba ta haramta don ana algus a cikinta. Wanda zai iya zaɓar rana da gefen da zai kauce wa wannan ya tafi. Wanda ya san ba zai tsira ba, ko kuma abin ne ma ya ja shi, tafiyarsa ta zama saɓo kuma babu rangwamen ƙasaru gare shi. Mace ba ta yin irin wannan tafiya sai da miji ko muharrami, domin sassaucin da Malik ya yi na amintacciyar tawaga a hajjin farilla ne. Wanda Juma'a ta wajaba a kansa, makaruhi ne ya fita bayan alfijir ranar Juma'a, haramun ne bayan rana ta karkata, sai idan zai same ta a hanya.

Akwai sharaɗin da mutane suka fi sakaci da shi, wato tsare rai. Lokacin da magangarar ruwa ta fi kyau, a tsakiyar damina, shi ne lokacin da ta fi haɗari, duwatsu sun yi santsi ruwa kuma yana da ƙarfin ja. Shiga cikinsa don a ɗauki hoto, ko bin hanyar da aka san masu garkuwa da mutane na tare ta, jefa kai ne cikin halaka, abin da aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana. Kada kuma a ci bashi ko a tauye ciyar da iyali saboda yawo, kada a ɓata bakin ruwa da inuwar da mutane ke zama da shara ko bahaya, hani a kan haka ya tabbata a hadisi.

Idan waɗannan sun cika, tafiyar halal ce, kuma ƙasaru a cikinta ya halatta ga wanda ya kai nisan da aka ambata. Allah ne mafi sani.