KUNYA BA TA TSARE YARO



Bara wani ɗan'uwa ya zo gidana da fushi. Ya ce zai cire ɗiyarsa daga lakwal, gama malamarsu ta yi wa 'yan mata maganar haila, ta kuma gaya wa yara cewa akwai wuraren jiki da ba wanda ya isa ya taɓa musu. Ya ce, "Dattijo, wannan ba rashin kunya ba ne?" Na ce masa, "To, a gida wa ya taɓa gaya mata?" Sai ya sunkuyar da kai.

Bari in ba ku labarina. Sa'ad da nake ɗan lakwal na mishan, kurkunu yana kwantar da mutanen ƙauyenmu kowace damina, gonaki su cika da haki. Wata rana mushe ya koya mana cewa cutar tana cikin ruwan tabki. Mutum ya sha bana, sai baɗi tsutsar ta fito masa a ƙafa. Ya nuna mana yadda ake tace ruwa da ƙyalle. Da na kai maganar gida, kakata ta ce yaro ba ya koya wa tsohuwa shan ruwa. Amma uwata ta ji, ta ɗaura ƙyalle a bakin randa. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Rijiyoyi da famfuna sun taimaka ƙwarai, amma sani ne ya fara shiga gidaje, sau da yawa ta bakin yara.

Luka 2:52 ya nuna mana girman Yesu ta hanyoyi huɗu: hankalinsa, da jikinsa, da zamansa da Allah, da zamansa da mutane. In Ɗan Allah ya bi waɗannan huɗu, yaya za mu ce ɗiyanmu karatu da lissafi sun ishe su? Allah ne ya yi jikin yaro. Bulus kuma ya tuna wa Korantiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki yana zaune cikin jikin mai bi. Koya wa yaro tsare jikinsa ba ƙazanta ba ce.

Ku tuna da Eli firist, cikin littafin Sama'ila na fari. Ya ji muguntar da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi. Ya yi musu magana bayan sun riga sun ƙangare, bai kuwa hana su ba. Rana ɗaya suka mutu a wurin yaƙi. Amma Timoti, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki sun fara da shi tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shirunmu yana da tsada. Binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cewa cikin 'yan mata huɗu, uku ana yi musu aure kafin shekara 18. Yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba takan kwana biyu ko uku tana naƙuda. Jariri ya mutu, ita kuwa ta tashi da yoyon fitsari. Saboda irin waɗannan mata aka buɗe asibiti a Danja kusa da Maraɗi a 2012. Akwai kuma yaran da wani babba yake lalatawa, suna tsoron faɗi, gama ba a taɓa ba su bakin magana ba.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, uba, ka tafi lakwal da kanka ka tambayi abin da ake koyarwa. In ka ji abin da ya saba wa Maganar Allah, ka faɗa da tawali'u. Kada ka yanke hukunci a kan jita-jita.

Na biyu, uwa, ki zaunar da ɗiyarki kafin ta ga jinin fari, domin kada ta firgita. Uba kuma ya yi wa ɗansa maganar balaga da girmama mata.

Na uku, ku koya wa yaro ya ce a'a ga mai taɓa shi a ɓoye, ko da ɗan'uwa ne ko malami. In ya kawo ƙara, ku saurara, kada ku buge shi.

Na huɗu, ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan kewayawa, yara su gani.

Na biyar, ku bar 'yan mata su gama karatu.

Ɗan'uwan nan ya tafi ya ga malamar. Ɗiyarsa tana lakwal har yau. Kai fa, mai karatu? Wa yake koya wa ɗanka abin da kake jin kunyar faɗi? In ba kai ba ne, wani yana yi a bakin kasuwa ko cikin waya.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana shirunmu. Ka buɗe bakinmu da hikima, ka tsare ɗiyanmu da malamansu. Cikin sunan Yesu, Amin.