Yaron da ya ƙi tuwo, butulci ya yi?

Ɗan ƙanwata shekararsa 6, kuma hura kaɗai yake sha, a ƙwarya guda wadda ya sani. In aka sake ƙwaryar sai ya ture. Tuwon hatsi da miyar kuka ko kusa da shi aka aje, yakan toshe hanci ya koma bayan rumbu yana kaɗa hannuwa. Magana ba ta zauna a bakinsa ba. Wani likita a Yamai ya ce galahanga ce, wato otizim. A ƙauyenmu, can ƙasar Buza, wasu sun ce iska, wasu sun ce ɗan ruwa ne.

Innarmu ba ta ce ko ɗaya ba. Ita kalmarta ta fi zafi: butulu. Ban ga laifinta ba. Tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a ka lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, ana biyansu da abinci. A 2005 ma ta ga yadda rumbuna suka bushe. A wurinta wanda ya ture ƙwarya ya ture ni'imar Allah. "Kai ɗan nan, ka san me aka sha kafin a samu wannan?" Haka take ce masa, shi kuwa yana kallon inuwar dogon yaro a bango.

Tambayar ta hana ni barci. Ƙyamar abinci zunubi ce? Na kai ta wurin malaminmu a Madawa, ina zaton zai tsaya a kan cewa yaro ba mukallafi ba ne. Ya faɗi hakan a taƙaice, sannan ya kawo abin da ban yi tsammani ba. Ya ce a ɗakin Nana Maimuna an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo, ya janye hannunsa. Khalid bn Walid ya tambaya ko haramun ne, aka ce masa a'a, ba a saba da shi ba ne a ƙasarsu, kuma ransa bai karɓa ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Malam ya ce: "Ka ga, wanda ya fi kowa godiya ma akwai abin da ransa ya ƙi. Butulci a aibata abinci yake, da ganin ƙarfinka ne ya ba ka."

Yaronmu bai taɓa aibata komai ba. Harshensa da hancinsa ne suke jin abu fiye da namu, yauƙin kuka da muke marmari shi azaba ne gare shi. Akwai kuma cikin. Taurin ciki da kumburi sun fi yawa a irin waɗannan yara, kuma wanda ba ya iya cewa "cikina" da kuka da buga kai yake faɗa. Yaronmu kwana huɗu yakan yi bai zaga ba, mu muna ta neman rubutun sha.

Wani ɗan uwa da ke karatu a Faransa ya aiko da shawara ta WhatsApp, wai a cire masa alkama da madara, can iyaye da yawa suna yi. Dariya ta kama ni. Yaron nan bai san burodi ba, gero kuma ba shi da sinadarin gulutin da suke gudu. Nonon da ke cikin hurar shi ne kusan duk abin gina jikin da yake samu. A Madawa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar tamowa, kowace uwa ta san zaren awon damtse da ma'anar jan launi, ƙasa da milimita 115. In muka cire nono, can za mu kai shi. Bincike bai tabbatar da cewa wani tsarin abinci yana warkar da otizim ba. Ko likitan Ingila Andrew Wakefield da ya haɗa hanji da rigakafin ƙyanda da otizim a 1998, mujallar Lancet ta janye rubutunsa a 2010.

Abin da muka yi kaɗan ne. Aka nemi maganin taurin ciki a likita, aka ƙara masa ruwa, uwarsa ta riƙa zuba garin ƙuli da na zogale a hurar, ɗan mitsitsi, don in ya ji canji zai ture. Sau biyu ya gane. Har yanzu bai ci tuwo ba, amma buga kan ya ragu.

Na ba Inna labarin damo. Ta yi shiru, ta ce ita dai ba ta taɓa barin loma ba tunda take. Amma yanzu ita ke wanke ƙwaryar, ta kife ta a saman danga inda sauran jikoki ba sa kaiwa.