Abin da kurege ya manta

Ya ku 'yan'uwa muridai, da kaka na zauna bakin gona bayan la'asar ina kallon kurege. Ya ɗauko gyaɗa, ya tona rami ya binne, ya koma ɗauko wata, yana tanadin rani. Wadda ya tuna, zai tone ya cinye. Wadda ya manta kuwa, ita ke tsirowa in damina ta sauka.

Sai gabana ya faɗi. Ni da nake yawan ba mutane labarin sadakata da tsayuwar darena, ashe tonowa nake ina cinyewa tun a duniya? Shehunnanmu sun daɗe suna yi mana kashedi da ujubu da riya. Wanda ya kai wa maƙwabci tiyar hatsi bana, don Allah kar ya koma bakin ramin.

Allah Ya karɓa mana.