'YAR TUNKIYAR MATALAUCI

Karatu: II Sama'ila 12:1-7, Farawa 2:18-23, Luka 16:19-25

Dukanmu mun san misalin da annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda. Mutum biyu ne cikin gari ɗaya. Ɗaya yana da garken tumaki da na shanu, ɗayan kuwa ba shi da kome sai 'yar tunkiya guda wadda ya saya da kuɗinsa. Ta girma tare da 'ya'yansa, tana cin abin da ya ke ci, tana sha daga ƙoƙonsa, tana kwana a jikinsa, har ta zama masa kamar ɗiya. Da mai arzikin ya yi baƙo, sai ya ji ƙyashin taɓa garkensa, ya ƙwace ta matalaucin ya yanka. Mun sani Natan zunubin Dawuda ya ke nufi, a kan matar Uriya. Amma ku lura da abu ɗaya. Dawuda makiyayi ne tun yana yaro, ya san kuɗin tunkiya sarai, duk da haka bai ce, "Ai tunkiya ce kawai, a ba shi wata." Ya husata ƙwarai. Ya gane abin da aka ɗauke wa mutumin nan ya fi nama da fata.

Abin da ya sa mu ka ɗauko wannan karatu, wata gardama ce da a ke yi a ƙasashen Turawa, musamman a Amurka, wadda kuma ta iso ƙofarmu da wata kama dabam. A can akwai abin da za mu kira dabbar ɗebe kewa. Ba karen farauta ba ne, ba na gadi ba. Mutum ne mai ciwon damuwa, ko wanda ya komo daga yaƙi hankalinsa bai kwanta ba, likita ya rubuta masa takarda cewa zama da wannan kare ko kyanwa yana sauƙaƙa masa ciwon. Amurka ta yi dokar gidaje a 1968, ta ƙara mata sashen naƙasassu a 1988, a kan wannan ne masu irin takardar nan su ka riƙa neman mai gidan haya ya bar su da dabbarsu ko da ya hana sauran 'yan haya. Aka kuma bar su su shiga jirgin sama da ita ba tare da ƙarin kuɗi ba.

To, kun san halin ɗan Adam. Da aka ga takarda tana buɗe ƙofa, sai takarda ta zama abin sayarwa. Masu lafiya ƙalau su ka riƙa sayenta ta intanet don kada su biya kuɗin kare. A watan Janairu 1918 ba a san da wannan ba, amma a Janairu 2018 wata mace ta zo filin jirgin sama na Newark da ɗawisu, ta ce shi ne mai ɗebe mata kewa, kamfanin United ya ƙi ɗaukarsa. A Disamba 2020 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta sake doka, daga Janairu 2021 ba a tilasta wa kamfanin jirgi ya ɗauki kowace dabba sai karen da aka horar domin ya yi wa naƙasasshe aiki. Maƙaryata su ka jawo, masu bukata ta gaskiya su ka sha.

Mai karatu zai yi dariya, ya ce wannan ƙoshi ne na Turawa. Mu ma labarin ɗawisun ya ba mu dariya. Amma kada dariyar ta yi tsawo, gama in mun duba ƙasarmu za mu ga maganar ba ta yi nisa ba.

Mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara sun san abin da a ke kira a raba mutum da wurinsa. Dattawa ba su manta da Bakolori ba, madatsar da aka gama a 1978, da ƙauyukan da ruwa ya ci, da manoman da aka kashe a 1980 sa'anda su ka nemi diyyar gonakinsu. Daga wajen 2011 kuma satar shanu ta yi ƙarfi a Zamfara, ta zama kisa da garkuwa da mutane. Ran 1 ga Satumba 2021 'yan bindiga su ka shiga makarantar sakandaren gwamnati ta Kaya, su ka tafi da ɗalibai 73. Mun gode wa Allah yaran sun komo. Amma wanda ya kwana a daji ƙarƙashin bindiga, jikinsa ya kan riga hankalinsa komowa gida. A cikin watan nan gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka yanke waya, aka hana fita da dabbobi a mota. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu a waɗannan shekaru, su ka shigo Talata Mafara da Gusau, su ka kama ɗaki ɗaya na haya.

Me su ka zo da shi? Shanu sun tafi, rumbu ya ƙone. Sau da yawa abin da ya rage shi ne abin da a ke iya ja da igiya. Za ka ga gwauruwa da jar akuya guda, wadda mijinta ya saya mata kafin a kashe shi. Za ka ga tsoho da karen da ya yi haushi a daren da aka zo, har mutanen gida su ka sami sukunin gudu. Za ka ga yaro wanda ba ya magana da kowa tun ran nan, amma yana zama yini guda yana shafa ɗan akuya. Waɗannan ba su da takardar likita, ba su ma taɓa jin sunan ciwon da ke damunsu ba. Sai mai gida ya ce, "Baba, ɗaki na ba ki haya, ban ba akuya ba. Ko ki sayar, ko ki nemi wani wuri." Waɗansu daga cikin masu faɗin haka masu bi ne, muna zama da su a benci ɗaya ran Lahadi.

Ba mu ce mai gida mugu ne ba. Yana da tasa hujja, kuma ya kamata a ji ta. Gidan haya ba gidan gona ba ne. Tsakar gida ɗaya ce ga iyali biyar ko shida, a nan a ke shanya, a nan a ke girki, a nan yara ke rarrafe. Akuya ba ta san tsabar maƙwabciya ba, in ta ga an shanya gero sai ta sa baki. Ga wari da damina, ga kuka da dare. Maganar kare ta fi nauyi. Ekklesiyoyinmu a wannan yanki ƙanana ne, maƙwabtanmu Musulmi ne, yawancinsu kuwa ba su yarda da kare a cikin gida ba, in ya lashi ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai. Wanda ya sa kare a tsakar gidan da a ke alwala bai nemi zaman lafiya ba. Banda haka akwai ciwon haukan kare. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan duka kuma daga cizon kare ne. In alamunsa sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare. Uwar da ta ce ba ta son kare kusa da 'ya'yanta ba ta yi zunubi ba.

Duk da haka ga abin da mu ke gani, kuma ba za mu ɓoye ba. Mai bi wanda ya ke da gida, in ya kori gwauruwa ko ya tilasta mata sayar da abin da ya rage mata a duniya, alhali da ɗan ƙoƙari za a sami wurin turke a bayan ɗaki, ya tsaya kusa ƙwarai da mai arzikin da Natan ya ba da labarinsa. Bai yanka ba, gaskiya ne. Amma ya aika ta kasuwar Talata da igiya a hannu, ta komo da igiyar kaɗai da 'yan kuɗin da za su ƙare kafin wata ya mutu. A kan ce sabo da kaza ba ya hana yankanta. I, haka ne, amma mai kazar ne ke da ikon faɗin ranar, ba maƙwabci ba. Mu ba mu bukatar takardar likita kamar Amurkawa, gama mun san juna. Mun san ƙauyen da matar nan ta fito, mun san wanda aka binne. Wannan sanin ya fi kowace takarda, kuma shi ne zai tsaya shaida a kanmu.

Ga mai dabba kuma muna da magana, kada ya ce baƙin ciki ya ɗauke masa hakkin maƙwabci. Attaura ta ce wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, sai ya biya da mafi kyaun amfanin gonarsa, wanda kuma ya san sansa yana tunkuyi bai tsare shi ba, alhakin yana wuyansa. Ku duba Fitowa sura 21 da 22. Kakanninmu ma haka su ka yi. Da ruwa ya sauka a kan yi shela a ɗaure dabbobi, ba a saki sai an kawar da amfanin gona, wanda tasa ta yi ɓarna ya biya. A wuraren noman rani na Bakolori kuwa ɗaurin ba ya ƙarewa. Sabo da haka a ɗaure akuya, a share wurinta kowace safiya. Kare ya zauna a ƙofar gida ko inda mai gida ya nuna, a kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi kowace shekara. A nan ƙasarmu a ke yin maganin, a Vom. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗaura gashin kare a kan rauni. Kuma kada mai kiwon tumaki goma domin kasuwar Salla ya fake da wannan wa'azi ya ce kewa ya ke ɗebewa. Wannan shi ne ɗawisun namu.

Akwai abu ɗaya da mu ke so mu tsawata a kai da ƙarfi. Tsohuwa wadda ta rasa kowa, tana zaune da kyanwa, ko mussa kamar yadda mu ke faɗi a nan, tana yi mata magana da dare domin ba ta da wanda za ta yi wa, sai a fara raɗa, a ce mayya ce. In yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, sai idanu su juya wajen ɗakinta. Wannan raɗa ta taɓa kai mutane ga duka da kora. Abin kunya ne a ji ta a bakin wanda aka yi wa baftisma. Kyanwar nan ɓera ta ke kamawa, ba kurwa ba.

Waɗansu sun tambaya, ko za a shigo da dabba ɗakin sujada? Amsarmu a'a ce. Sujada ta jama'a ce, akwai jarirai a ƙasa, akwai masu tsoro, sa'a biyu kuwa ba za ta kashe kowa ba in an ɗaure dabbar a inuwa. Karen jagora na makaho maganarsa dabam ce, gama wannan ido ne, an horar da shi watanni. Jamus ta buɗe makarantar irin waɗannan karnuka a 1916 domin sojojin da yaƙi ya makantar, Amurka ta bi a 1929. A ƙasar Hausa yaro ne ɗan jagora, sau da yawa kuma jagorar ce ke hana shi makaranta. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a Janairu 2019 kuma Nijeriya ta sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu. In wata rana makaho ya zo ƙofarmu da irin karen nan, a ba shi wuri kusa da ƙofa, kada a kore shi.

Yanzu mu koma Farawa sura 2. Allah ya ga zaman mutum shi kaɗai ba shi da kyau. Ya kawo masa dabbobi duka da tsuntsaye, Adamu ya raɗa musu suna, amma ba a sami wanda ya dace da shi a cikinsu ba, sai da Allah ya yi masa wani ɗan Adam kamarsa. Dabba tana da ɗumi, tana da aminci, ba ta kai tsegumi. Amma ba za ta ce, "Sannu, Inna, yaya ki ka kwana?" ba. Ba za ta yi addu'a da ke ba, ba za ta tuna sunan mijinki ba. Li'azaru yana kwance a ƙofar mai arziki, karnuka ne su ka zo wurin miyakunsa. Ko tausayi ne ya kawo su ko yunwa, masana ba su daidaita ba, amma abu ɗaya a fili ya ke, karnuka sun zo, mai gidan bai fito ba. In mun ga 'yar'uwa tana hira da akuya, tambayar ba a kan akuyar ta ke ba. Tambayar ita ce, yaushe rabon da ɗaya daga cikinmu ya shimfiɗa tabarma a ƙofarta? Zumunta a ƙafa ta ke, mun iya faɗi, amma ƙafar ta yi nauyi.

Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su zauna a kan wannan kafin ruwa ya sauka, gama da damina ne rigimar ta kan tashi. A rubuta sunayen waɗanda su ka yi gudun hijira su ka zo cikinmu, masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Inda akwai saɓani da mai gida, dattijo biyu su tafi tare su ji kowane gefe. In gidan ya yi ƙunci da gaske, a kafa turke a filin ekklesiya, samari su yi rumfa, su riƙa yanko ciyawa bi da bi, mai dabbar ta zo safe da yamma ta gan ta. Zumuntar mata kuma ta raba ranakun mako, domin kada a yi kwana uku ba wanda ya leƙa ɗakin. Wanda aka ga ba ya barci, ko yana firgita, ko ya daina cin abinci, a raka shi asibiti, a biya masa kuɗin mota daga baiko.