Wa Ya Tsaya Maka?

Tun da 'yan bindiga suka dagula yankin Funtua da Malumfashi, wata magana ta kama bakin mutane a majalisun garin Karfi: gwamnatin jiha ta kafa doka, a tattara duk baƙon da ba shi da takarda a kai shi Jibiya, a tsallakar da shi. Waɗanda ake nufi mun san su. 'Yan ciranin Nijar ne, na Tasawa da Madarunfa, masu saukowa da kaka domin karyar masara da yankan dawa.

Ta fuskar doka maganar ba ta da tsawo. Tsarin mulkin 1999 ya bar sha'anin shige da fice a hannun Tarayya kaɗai, majalisar dokokin Katsina ba ta da hurumi a ciki. Jami'an sa-kai da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a 2023 ma aikinsu gadin gari ne. Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin abin a wurin Allah, ko da a ce muna da ikon.

Ban yarda da masu cewa ƙasa ta Allah ce, don haka kowa ya shiga inda ya ga dama ba. Shugaba makiyayi ne, za a tambaye shi jinin talakawansa, kuma wanda aka sace wa ɗa yana da haƙƙin ya tambayi wane ne ya kwana a zauren maƙwabcinsa. Sai dai malaman fiƙihu sun rataya zaman baƙo ne a kan amana, wato wani ɗan gari ya tsaya masa. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba mutanen da ɗan'uwanta Sayyadina Ali ke nema mafaka a gidanta, Manzon Allah (SAW) kuma ya tabbatar da amanarta. Mace ɗaya ta yi magana, maganar ta ɗaure rundunar da ta ci gari. Kakanninmu a kan wannan suka tafi: baƙo yana da masauki, mai masauki ya kai shi gaban mai unguwa, in ya yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Akwai wani dattijo da ke sauka gidanmu duk kaka. Na taɓa ganin wani matashi mai sanda ya tare shi a bakin kasuwa.

"Baba, ina takardarka?"

Dattijon ya zaro leda daga aljihun ciki, ya warware ta a hankali, ya miƙa katin shaidar ƙasarsa da gumi ya cinye wa gefe. Yaron ya juya shi sama da ƙasa, Faransanci ne, bai iya karantawa ba. "Samari," in ji dattijon, "tambayi mahaifinka, ni na taya shi ɗaurin dawa kafin a haife ka." Shi kansa yaron, na sani, ko takardar haihuwa ba shi da ita.

Mun taɓa gwada korar jumla ai. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Kuɗin mai ya ja baya, zaɓe ya matso, ga tabon rikicin Maitatsine na 1980 a Kano, wanda jagoransa Muhammadu Marwa ya fito daga Kamaru. Mutum wajen miliyan 2 suka fita, akasari 'yan Gana, da 'yan Nijar masu yawa. Laifin wasu aka ɗora wa maigadi da ɗan garuwa, alhali a addininmu ba a kama mutum da zunubin wani. Gana kuwa ita ta fara yi wa namu haka a 1969, zamanin Busia. Da Buhari ya rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar fari, mutanen Maradi sunansa suka raɗa wa yunwar shekarar: El-Buhari. Maradin nan fa, Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi ne suka kafa sarautarta.

Ni dai abin da zan goyi baya shi ne a farfaɗo da littafin mai unguwa: sunan baƙo, garinsu, wanda ya saukar da shi, gonar da yake aiki. Wannan kam jiha na iya yi, dagaci ma na iya yi. Wanda babu mai tsaya masa, a miƙa shi ga jami'an shige da fice, su da doka ta ba aikin. Mai ɗauke da bindiga ta daji yake bi, ba ya tsayawa layi a shingen Jibiya, kuma da yawa daga cikinsu nan ƙasar aka yanke musu cibiya.

Sannan ina tsoron hannun da za a damƙa wa ikon cewa wane baƙo ne. A Janairun 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka tsallakar da shi Cadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP ne. Sai da kotu a Maiduguri ta yanke cewa ɗan ƙasa ne, ta ce a biya shi diyya.