Wa Zai Juya Baba da Tsakar Dare?

A unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, tambaya ɗaya ake yawan kawo mini, don an san sana'ata jinyar tsofaffi ce: "Hajiya, ɓarin jikin Baba ya shanye, asibiti sun ce a kai shi gidan jinya ya sake koyon tafiya. Wanne ne mai kyau?" Akwai kuma wadda kunya ke hana a furta: in na kai shi, na saɓa wa Allah?

Ta biyun ta fi sauƙin amsawa. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗora wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa marasa hali, har da mai yi musu hidima. Ashe tun can malamai sun san hannun ɗa ba ya kaiwa ko'ina. Mutumin da ke tuƙa tasi daga asuba zuwa isha, gidansa a hawa na huɗu babu lif, in ya rufe dattijo shi kaɗai a ɗaki don kada a ce a gida ya kai ubansa gidan gajiyayyu, bakin mutane ya ji tsoro, ba Allah ba. Sai dai aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta hana a nuna wa iyaye ƙosawa idan sun tsufa, da ɗa take magana, ba da ma'aikata ba. Ana iya biyan wani ya yi aikin, amma amanar tana nan a wuyanka. Shi ya sa auna gidan jinya ya zama aikin ibada.

Gwamnatin Amurka tana da nata ma'aunin. Tun 2008 hukumar inshorar Medicare ke ba gidajen jinya, waɗanda sun kusa 15,000, taurari daga ɗaya zuwa biyar. Abu uku take dubawa: binciken ba-zata na jami'an lafiya, yawan ma'aikata, da alƙaluman lafiyar mazauna, kamar faɗuwa da gyambon kwanciya. Ina ba kowa shawara ya duba, musamman na ma'aikata, domin tun 2018 daga takardun albashi ake ɗauko shi, ba daga abin da mai gida ya faɗa ba. Jihar New York ma ta yi doka a 2021 cewa kowane mazauni ya samu aƙalla sa'a uku da rabi na kulawa a yini. Rahoton binciken ƙarshe kuwa haƙƙinka ne ka gani. Ka nema a teburin karɓar baƙi.

Amma gani ya kori ji. Kada ka je ranar Talata da hantsi, lokacin da aka goge daɓe, manaja na tsaye da murmushi. Je ranar Lahadi bayan magariba. Hanci zai fara ba ka labari tun daga ƙofar lif. Ka zauna a baranda ka saurari ƙararrawar da majinyaci ke dannawa, ka ga tsawon lokacin da take yi kafin a amsa. Ka dubi farantin abinci: an ajiye shi inda hannun da ke aiki zai kai, ko a gefen da ya shanye? Na sha ganin an ɗauke faranti cike, an rubuta cewa dattijo ya ƙi ci, alhali cokali ne bai kai gare shi ba. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kusan duk sa'a biyu; in an yi sakaci, duga-dugai da ƙashin gindi ne ke fara yin ja, daga nan fata ta buɗe. Ka ɗaga bargo ka duba da idonka.

Sauran abin ba ya shiga alƙalami. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kafin a shiga? Ana jan labule lokacin canza masa ƙunzugu? Tsohuwar da namiji bai taɓa ganin gashinta ba sai mijinta, an tambaye ta wa take so ya yi mata wanka? An bar wa Baba dutsen taimama kusa da gado, ko mai shara ta jefar da shi? Dokar 1987 da ta gyara harkar gidajen jinya ta ambaci mutuncin mazauni, amma takarda ba ta jan labule, mutum ne ke ja.

Mutumin nan kuwa sau da yawa mace ce baƙuwa irina, daga Afirka ko Haiti ko Jamaika, albashinta kaɗan, majinyatanta da yawa. Ka tambaye ta tun yaushe take aiki a gidan. Inda ma'aikata ba sa daɗewa, akwai abin da ke korarsu, kuma wanda aka zalunta da wuya ya yi wa wani taushin hannu. Gidan da ba ya adalci ga mai wanke Baba ba zai yi wa Baba adalci ba.

Medicare ba ta biyan fiye da kwana 100 na irin wannan jinya, 20 na farko ne kawai take ɗauka gaba ɗaya, don haka iyalai kan zaɓa cikin gaggawa. Ko da an zaɓi mai taurari biyar, mu ma'aikata mun san gadon da ake yawan ziyarta, mun kuma san wanda ba a leƙawa. Ɗan'uwa, ka duba taurari, ka karanta rahoto, sannan ka riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Ka san sunan mai juya mahaifinka da dare, ka gaishe ta, ka yanke masa farce da hannunka. Ranar hisabi kai za a tambaya, ba manaja ba.