Ɗan Jami'a, Auna Maganar da Kake Kawowa Gida

Jama'ar Bacirawa, iyaye da malamai, musamman ku 'ya'yanmu da ke Jami'ar Bayero da ta Wudil, ku ba ni aron kunnuwanku.

A 2020 korona da yajin aikin ASUU suka haɗu suka rufe jami'o'i, ɗalibai suka dawo gida suka yi watanni, kowa da waya a hannu. Duk saƙon muryar da ya faɗo a WhatsApp, ɗan jami'a ake nema ya tace shi. Da allurar AstraZeneca ta iso ƙasar nan a Maris 2021, wasunku suka riƙa cewa "wai tana hana haihuwa". To, uwar da ke surfe a tsakar gida ba ta jin "wai". Abin da ta ji shi ne mai ilimi ya faɗa.

Tsoronmu yana da tushe, kada wani ya raina shi. A 1996, ana tsaka da annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano kan yara kusan 200, sha ɗaya suka rasu. Amma ku tuna abin da ƙaurace wa rigakafi ya jawo. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a dawo da shi ba sai 2004 da maganin Indonesiya, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe. Yaran da suka shanye a lokacin, sa'anninku ne.

Abin mamaki, da Saudiyya ta ce babu Hajjin 2022 sai da katin allurar korona, layi aka yi.

Jita-jitar korona ba ta tsaya kan korona ba, ta shafi allurar jarirai. A 2023 mashaƙo ya fi kamari a Kano, kuma akasarin yaran da ya kama ba su da cikakken rigakafi.

Ɗana, a makaranta ba ka miƙa wa malami aiki babu hujja, me ya sa kake miƙa wa mahaifiyarka? In kana shakka, tambayi abokinka mai karatun likita a asibitin Malam Aminu Kano kafin ka tura saƙo. Ku kuma iyaye, ku tambayi ɗanku inda ya ji. Kai kuma ɗana, in an yi hutu, karɓi katin rigakafin ƙaninka ka duba: allurar da ke kare mashaƙo uku ce, a sati 6 da 10 da 14 bayan haihuwa, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. In da giɓi, ka ɗauke shi a babur ka kai shi.